Salkunan Jambaru

A zamanin Sarki Tunau ɗan Barmo, fadar Birnin Dargaza tana da wata al'ada da take taƙama da ita, ana ce mata baki uku. In sarki yana son ya san abin da abokan gaba ke ƙullawa, ba a aika mutum ɗaya. Sarkin Magewaya, wato shugaban masu leƙo asirin ƙasashe, shi ke tura mutum uku, kowa da hanyarsa, kowa da sana'ar da zai fake da ita, kuma babu wanda ya san an aiki ɗan'uwansa. In sun komo a saurare su ɗaya bayan ɗaya. Bakinsu ya zo ɗaya, a buga tambari, kuma maganar ta zauna ke nan, ba mai warware ta sai in ɗaya daga cikin ukun ya janye da bakinsa. Al'adar tana tafe da doka mai ɗaci: duk magewayin da ya tsaya gaban sarki ya ba da labarin yaƙi, labarin ya tashi ƙarya, kansa za a sare a ƙofar fada. Wanda ya roƙi a kafa dokar nan tun yana da baƙin gemu shi ne Sarkin Magewaya Mayau, kuma shekara talatin ke nan bai taɓa nadamar roƙon ba.

A bazarar shekarar da muke magana, har matan da ke daka a tsakar gida sun san Sarkin Jambaru yana shirin kawo yaƙi. Abin da ba a sani ba shi ne ta ina zai ɓullo. Hanya biyu ce tsakanin Jambaru da Dargaza. Ta kudu ita ce hanyar gulbi, kwana tara, ruwa ko'ina, ta faɗo Mashigin Kada. Ta arewa ita ce hanyar Fako, kwana biyar kacal, amma tun daga iyaka har Rijiyar Tsamiya, wadda ke rabin yini daga birni, babu inda tsuntsu zai jiƙa baki. Tun kaka da kakanni ba a taɓa jin runduna ta biyo Fako da bazara ba.

Ranar Lahadi da hantsi majalisa ta cika. Aka shigo da magewayi na farko, wanda ya je Jambaru da tallan kanwa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, da idona na gani. Dawakai dubu uku da ɗari biyu, dakaru dubu biyar, jiragen ruwa arba'in an jera su a bakin gulbi. Ranar Alhamis ta farkon wata za su tashi, Mashigin Kada suka nufa."

Aka fitar da shi ta wata ƙofa, aka shigo da na biyu, wanda ya tafi da zabirar wanzanci. Dawakai dubu uku da ɗari biyu, in ji shi, dakaru dubu biyar, jirage arba'in, Alhamis ta farkon wata. Na uku shi ne Nasamu, ɗan Mayau na cikinsa, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya yi wata biyu a Jambaru yana sassaƙa turame. Da ya buɗe baki, ko doki ɗaya bai ƙara ba, bai rage ba.

Madawaki Gagarau, shugaban mayaƙan Dargaza, ya gyara zama har sulken da ke ƙarƙashin rigarsa ya yi ƙara. Mutum ne jarumi, wannan ba mai musu, sai dai irin jaruman nan ne da tunani ke yi musu nauyi fiye da garkuwa. Ya ce, "Zaki, baki uku ya cika, cikar da ban taɓa ganin irinta ba. A ba ni runduna in riga su isa Mashigin Kada. Na rantse da rawanin da ka naɗa mini, jirgi ɗaya ba zai taɓa gaɓarmu da mai rai a ciki ba."

Sarki ya juya ga Mayau. "Sarkin Magewaya, idanunmu ne kai. Me ka ce?"

Mayau ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ja zamaninka, baki uku ya cika."

Aka buga tambari, aka sa ranar Laraba runduna ta tashi. Kowa ya fito fuska a sake, ban da Mayau. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro shi ne wannan cikar da Madawaki ke yabo. Shekara talatin yana sauraron magewaya, bai taɓa jin biyu sun yi daidai a ƙirgen dawakai ba. Wannan zai ce dubu biyu, wancan ya ce sun fi uku, wani ya ce ƙura ta hana shi gani, sai shi ya auna ya fitar da gaskiya daga tsakani. Yau kuwa mutum uku sun zo da magana ɗaya kamar masu biya karatun allo, kuma hankalinsa ya ƙi kwanciya.

Washegari da safe wata barewa ta shigo birni ta Ƙofar Arewa a guje, ta ratsa kasuwa, ta faɗi a gindin masallaci tana haki. Masu duba suka ce alamar nasara ce, ganima ce ta kawo kanta. Madawaki ya sa aka yanka ta aka yi masa farfesu. Mayau dai ya tsaya yana tambayar kansa, me ya koro dabbar daji daga Fako har ta gwammace mutane.

Yana komawa gida ya tarar da Gwamma zaune a zaure, jakinta ɗaure a waje. Gwamma tsohuwa ce mai fataucin bagaruwa, wadda majema ke jeme fata da ita, kuma shekara ashirin tana kawo wa Mayau abin da kunnenta ya tsinta a kasuwanni. Ba a lissafa ta cikin baki uku, domin fadar Dargaza ba ta ɗauki maganar mace mai jaki a bakin komai ba, abin da ya sha jawo wa fadar asara ba ta sani ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji an buga tambari. Kudu za a?"

"Kudu za a, Gwamma. Me kika gani?"

"Ni ban ga doki ba, ban ga jirgi ba, ba a kai ni inda suke ba. Amma bagaruwa ta ƙare ƙaf a Jambaru. Mangala biyu na kai, wallahi ban ko sauke ba majema suka yi mini caa, har da masu zagin juna. Na ce to, bari in leƙa majemar in ga wace irin fata ce haka. Ranka ya daɗe, ba fatar sirdi ba ce, ba ta garkuwa ba. Awaki ne ake feɗe su ɗungurungum, ba a tsaga cikin. Ka san abin da ake yi da irin wannan."

Mayau ya ce a hankali, "Salka."

"Salkar ruwa, har an rasa inda za a rataye su. Na ƙirga rumfa goma sha biyu na gaji na bari. To ni dai jahila ce, amma wanda zai bi gulbi kwana tara, ruwa na dukan ƙafar dokinsa, me zai yi da salka?"

Nan take Mayau ya gane ta Fako za su biyo. Kafin ya yi magana ta ɗaga hannu. "Saura ɗaya, kuma ita ta fi ɗaci. Miƙo mini takalmin can na bakin ƙofa."

Takalmin Nasamu ne. Ta juya maɗaurinsa, ta nuna ɗinki uku na jan zare a ƙarƙashi. Wannan dabarar Mayau ce tun da daɗewa, kuma yana ji da ita ƙwarai. Don kada masu tsaron ƙofofin birni su riƙa tsare magewayi suna tambayar sunansa a gaban jama'a, ya sa ake yi wa takalmin kowane ɗayansu wannan ɗinki. Mai tsaron ƙofa ya duba ƙafa, ya kau da kai, mutum ya wuce. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne, takalmi a bakin ƙofar mutane ake tuɓe shi, kuma in ya tsinke a tafiya wurin baduku ake kai shi.

Gwamma ta ce, "Matar wani baduku ce ta gaya mini, muna tsince bagaruwa. Tun bara aka yi musu umarni, duk baƙon da suka ga wannan ɗinki a takalminsa kada a taɓa shi, kada a nuna an gane, a dai sanar da fada. A ba shi masauki mai kyau. Ni da ka ba ni nawa ƙi na yi, na ce maka mai jaki da takalmi ido take ja, ka tuna? Ga shi ƙafar banza ta cece ni."

Mayau ya karɓi takalmin ya ajiye. Ya sa aka kira mai kanwa, ya tambaye shi wa ya kai shi inda ya ga jiragen. Ya ce wani bafade ne mai tabon ƙuna a wuya, sarkin surutu, Allah ya haɗa su a kasuwa. Ya sallame shi ya kira wanzami. Shi ma Allah ya haɗa shi da wani bafade mai tabon ƙuna a wuya, yana yi masa aski yana zuba. Sannan ya kira ɗansa, ya sa aka saki labulen zaure.

"Nasamu, wa ya hau da kai tudun da ka hango dawakai?"

"Wani bafade ne, Baba, ya zo sayen turmi. Mutum ne mai sakin baki, ban sha wuya da shi ba."

"Da tabo a wuyansa?"

Nasamu ya ɗago kai ya dubi mahaifinsa. Shi ma ɗan sana'a ne, ba sai an ƙarasa masa ba. Mayau ya gaya masa maganar salkuna, ya gaya masa ta takalmi, bai ɓoye komai ba. Ana jin muryar 'ya'yan Nasamu suna wasa a cikin gida.

Can Mayau ya ce, "Ka kwashi matarka da yara yau ɗin nan, ka fita ta Ƙofar Yamma. Kafin a neme ka ka yi nisa. Ni zan je fada in faɗi abin da na sani."

"Ka faɗa da wane baki, Baba? An riga an buga tambari. Kai ka koya mini, baki uku ba ya warwaruwa sai ɗayanmu ya janye. Mai kanwa ba zai janye ba, wanzami ba zai janye ba, kowa na son wuyansa. In kuma na gudu, Madawaki zai ce ɗanka maci amana ne, kai ma haka, a tafi kudu a bar Ƙofar Arewa da tsofaffi."

"Ka san abin da janyewa take nufi."

"Na sani. Ai a gabana aka sare Ɗanjuma mai gishiri, kai ka riƙe hannuna ka ce in kalla."

Mayau, wanda ko a jana'izar matarsa ba a ga hawayensa ba, ya juya fuska ga bango. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsantsa irin na uba, kuma ya tsani ranar da ya roƙi dokar nan.

Ranar Talata majalisa ta sake zama don sallamar runduna. Mayau ya nemi iso, ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na zo da magana mai nauyi. Jambaru ba ta gulbi za ta zo ba. Ta Fako za ta zo, da ruwanta a bayan raƙuma. Jiragen da aka gani an jera su ne don a gani."

Fada ta ɗauki guna-guni. Galadima Cindo, dattijon majalisa kuma mai riƙe da al'adun gidan, ya ce, "Sarkin Magewaya, kai ne ka fi kowa sanin ba a warware baki uku da baki ɗaya, ko da bakinka ne."

Sai Nasamu ya taso daga inda ƙananan bayin sarki ke zama, ya durƙusa. Ya ce, "Zaki, ni Nasamu ɗan Mayau, na janye abin da na faɗa ranar Lahadi. Abin da na gani na gani, amma nuna mini aka yi. Mutum ɗaya ne ya ja mu mu uku zuwa tudu ɗaya, ya zuba mana magana ɗaya a kunne."

Madawaki ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban sarki. "Allah ya huci zuciyarka, Zaki, amma wannan wasa ne da hankalin manya! Shekaranjiya baki uku, yau uba da ɗa sun kwana sun tashi da sabon labari. Hujjarsu me? Fatar akuya, da maganar tsohuwa mai jaki! Wa ya taɓa ratsa Fako da dawakai a wannan zafi? Ni abin da nake gani, Jambaru ta sayi gidan nan ne, don a janye ni daga mashigi su haye a sake. A bincika, Zaki, a ga abin da aka ba su."

Mayau ya ce, "Madawaki, ba wanda ya taɓa ratsa Fako, shi ya sa za su ratsa. Sun san ba za mu tsare ƙofar da muka ɗauka Allah ya rufe mana ba."

Maganar takalmi kuwa bai ɗauko ta ba. Wasu daga baya sun ce kunya ce ta hana shi. Ni dai ina ganin lissafi ne: da ya faɗa a ranar, da a ranar za a tuɓe shi, kuma ba sauran mai tuna Fako.

Sarki Tunau ya dubi Mayau. Sarki ne mai jinkirin magana, kuma in ya yanke ba ya waiwaye. Ya ce, "Mun ji. Ba za mu bar gulbi don fatar akuya ba, ba kuma za mu toshe kunne ga mutumin da ya miƙa wuyan ɗansa ba. Madawaki zai tafi kudu da runduna kamar yadda aka shirya. Sarkin Magewaya, mun ba ka 'yan baka ɗari biyar, ka tafi Fako. Magewayan nan uku a tsare su a gidan Galadima. In Jambaru ta zo ta gulbi, kai ka yi mana ƙarya ka rage mana ƙarfi, kanka ne. In ta zo ta Fako, su suka yi mana ƙarya, doka ta hau kansu. Ka yarda?"

"Na yarda, Allah ya ja zamaninka."

Fadawa suka ce, "Sarki ya gaishe ka." Shi kuwa ya fita ya san ko ta ina yaƙin nan ya ɓullo, gidansa za a yi makoki.

Da suka isa Rijiyar Tsamiya, abin da Mayau ya fara yi ya sa 'yan bakan suka ɗauka tsufa ya taɓa shi. Ya sa kowa ya cika gorarsa da tulunansa, ya kwashe mutanen ƙauyen ya tura su birni, sannan ya sa aka cike rijiyar da duwatsu da ƙaya da ƙasa har baki, aka daddale. Daga nan ya ja su tafiyar yini guda cikin Fako, zuwa wani kwazazzabo inda hanya ta matse tsakanin duwatsu biyu. Ya raba su gida biyu a kan duwatsun, ya ce, "Ku saurara da kyau. Dawakai za su fara wucewa, ku bar su. Dakaru za su biyo, ku bar su, ko da kun ga Sarkin Jambaru da kansa a tsakiya. Wanda ya saki kibiya kan mutum kafin in yi magana, ni da shi ne. Raƙuma da jakuna muke jira. Ba dabbar za ku harba ba, kayan da ke bayanta."

Kwana shida suna kwance a kan dutse mai zafi kamar tanda, ruwa ana auna wa mutum da ludayi. Wasu suka fara cewa da sun bi Madawaki da yanzu suna wanka a gulbi. Mayau kuwa kullum gari ya waye bai ga komai ba, sai ya ji wani sanyi a ransa, domin in ba su zo ba kansa ne zai tafi, na Nasamu ya tsira. Ya kai ga yana roƙon Allah a ɓoye ya sa shi ne ya yi kuskure.

Rana ta bakwai da hantsi ƙura ta tashi daga arewa.

Suka zo kamar yadda ya faɗa, har sun fi abin da aka ƙirga. Dawakai suka shige kwazazzabon suna tafiyar gajiya, kawunansu a ƙasa. Dakaru suka biyo, leɓɓansu sun bushe, ba mai waƙa ba mai kirari. 'Yan bakan Dargaza na kwance suna kallo, yatsu na ƙaiƙayi a kan tsirkiya. Sai da rana ta take tsaka sannan ayarin ruwa ya shigo, raƙuma da jakuna fiye da ɗari shida, kowanne da salkuna baƙaƙe suna rinjaye a gefe da gefe, masu tsaronsu 'yan kaɗan, don wa zai tare mutum a Fako?

Mayau ya miƙe ya ɗaga sandarsa.

Kibau suka sauka kamar ruwan sama. Salka ba ta ihu, sai dai ka ji fus, ruwa ya tsinke yana zuba a cinyar raƙumi. Masu ja suka rasa abin yi, wani ya toshe huda ɗaya da tafin hannu, biyu su buɗe a gefensa. Raƙuma suka firgita suka yi ta turmushe juna a matsatsin, salkunan da kibiya ta bari duwatsu suka farke su. Kafin dawakan gaba su ji labari su juyo, su kuma rasa ta inda za su kutsa cikin dabbobinsu, ruwan rundunar Jambaru kaf ya zama taɓo, ƙasar Fako kuwa ta shanye shi tana tururi. 'Yan baka suka sulale ta bayan duwatsu, mutum goma sha huɗu kawai suka rasa.

Sarkin Jambaru ya yi abin da kowa zai yi. Baya kwana huɗu ne ba ruwa, gaba yini ɗaya ne zuwa Rijiyar Tsamiya. Ya ce a ci gaba. Washegari da azahar suka isa, suka tarar da tsamiya tsaye, rijiya kuwa babu, sai daɓe. Suka yi ta tono da takubba da hannaye. Dawakai suka fara faɗuwa a tsaye. Manzon da Mayau ya tura kudu ya tarar da Madawaki zaune yana gadin jirage arba'in da ba kowa a ciki, sai wasu makaɗa a tsallaken gulbi da aka bari suna ta dukan ganguna. Ya juyo da runduna a sukwane, ya iso bayan kwana biyu, ya sami mayaƙan da ke miƙa takobi don a ba su kurɓi ɗaya. Sarkin Jambaru ya tsere da 'yan tsiraru. Madawaki ya shigo birni da bayi da ganima, maroƙa na yi masa kirarin wanda ya murƙushe Jambaru, shi kuma bai ga dalilin gyara musu ba.

Ranar da aka zauna shari'a, aka fito da magewayan uku a ɗaure, hauni na tsaye a ƙofar fada da takobinsa. Galadima ya ce, "Zaki, Allah ya ba ka nasara, kuma ya ba ka. Amma Jambaru ta Fako ta zo. Doka tana jiran haƙƙinta."

Sai ga Mayau ya shigo, kuma fada ta yi tsit, domin takalma ne a hannunsa, ƙafa uku, abin da ko mahaukaci ba ya shiga da shi gaban sarki. Dogarai suka yunƙura, sarki ya ɗaga yatsa suka tsaya. Ya ajiye takalman a gaban shimfiɗar sarki, ya juya maɗaurin kowanne.

"Allah ya ja zamaninka, dubi wannan jan zare. Ni na sa aka yi shi, don sauƙin masu tsaron ƙofa. Da shi Jambaru ta gane mutanena tun bara, tun daga bakin zaure. Waɗannan uku ba su ƙirƙiri komai ba, sun faɗi abin da idonsu ya gani. Wanda ya rataya musu alama ya tura su cikin abokan gaba, shi ya kawo maka ƙarya, kuma ga shi a durƙushe."

Sarki ya ce, "Dokar nan kai ka roƙe ta a wurin mahaifinmu."

"Ni na roƙe ta, Zaki, kuma ban zo neman a ɗage ta ba. Na zo ne in nuna mata wuyan da ya dace."

Nasamu ya yunƙura zai yi magana, mahaifinsa ya dube shi sau ɗaya, ya koma ya durƙusa. Sarki ya ɗauki takalmi ɗaya da hannunsa, ya daɗe yana duban ɗinkin. Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya yi tunaninta a duk majalisar.

"Mutum nawa ne yanzu haka a ƙasar Jambaru da wannan zare a ƙafarsu?"

Mayau ya ce, "Goma sha ɗaya."

"Da an bar su ne don ana amfani da su. Yanzu amfaninsu ya ƙare. Wa ya san inda suke?"

"Ni kaɗai."

"To ga hukuncinmu. A kwance waɗannan uku. Ba za mu sare kan da ya tsare mana Fako ba, ba kuma zai sake zama a majalisarmu ba. A warware rawaninsa. Mayau, ka fita yau, ka shiga Jambaru, ka fito mana da mutanenmu. Kada ka komo Dargaza sai da na ƙarshensu a gabanka."

Kowa a wurin ya san abin da wannan ke nufi, domin bayan Fako babu jariri a Jambaru da bai san sunan Mayau ba. Shi kuwa ya faɗi ya yi godiya, godiya ta gaske, har goshinsa ya taɓa ƙasa.

Da la'asar Nasamu ya raka shi Ƙofar Arewa, shatin igiya bai ko baje daga hannunsa ba. Ya miƙa masa sababbin takalma marasa ɗinki. Mayau ya juya su ya duba, ya mayar masa. "Riƙe su, ka ajiye mini. Gwamma ta ce ƙafar banza ta fi tsira." Tsohuwar na gaba da jakinta, ta ce ita ma bagaruwarta za ta kai. Ya bi bayanta yana taka ƙasa mai zafi a hankali, kamar mai koyon tafiya.

Da damina ta sauka suka fara isowa ɗaya-ɗaya, kowanne ba takalmi. Nasamu kullum yana bakin Ƙofar Arewa, yana duban ƙafar duk mai shigowa. Na tara ya iso ana tsakiyar noman biyu, ramamme, da sara a kafaɗa. Nasamu ya riƙe shi ya ce, "Ina Baba?"

Mutumin ya ce, "Ya ce in gaya maka saura biyu."

Biyun sun iso ranar da aka fara yankan gero, su da jakin Gwamma, ba kowa a bayansu.